Takalmin da Babu Shi a Fim ɗin Yayata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen makon nan. Na jefa kaina cikin wani hali, kuma babu wanda zan iya buɗe baki in gaya wa a gidanmu. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Ba ni da yawan magana. Ko a aji idan malama ta nuna ni sai muryata ta maƙale, ko da kuwa na san amsar, shi ya sa na ga gara in rubuto. Ki yi haƙuri idan na tsawaita, kuma ina roƙo kada a sa sunana.

Mu biyu ne wurin iyayenmu, ni da Yayata. Yaya 'yar fim ce. Ta daɗe tana fitowa a ƙananan wurare, yau ƙawar jaruma, gobe nas mai miƙa allura ta wuce. Sai bana Allah ya yi aka ba ta babban matsayi a wani fim, har sunanta ya shiga cikin masu takarar kyautar 'yar wasan da ta fi fice a shekara. An kusa bikin ba da kyautar. Ya kamata a ce murna nake yi, amma ko abinci ba na iya ci sosai.

Babanmu tafinta ne a kotu har ya yi ritaya. Ciwon sukari ya tafi da ganinsa tun ina aji biyu, kuma tun lokacin ni ce idonsa. Ni nake karanta masa jarida da takardar magani. Ranar da babu makaranta kuma, bayan la'asar, sai ya zauna a kujerarsa ta gefen taga, ni in zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, mu sa fim. Maganganun 'yan wasa yana ji da kunnensa, ni kuma in cike masa sauran: wa ya shigo, wa ya fita, me ke hannun wane. A duniya shi kaɗai ne nake iya doguwar magana a gabansa ban sarƙe ba.

Kallo da Baba sai an shirya, domin komai aka yi sai ya tambayi dalili. Yakan ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraron shaidu, saboda haka daga nesa yake jin labarin da ke ɗingishi. Idan fim ya ƙi haɗuwa sai ya fara buga zobensa a hannun kujera, ya ce da a kotu ne da tuni alƙali ya kori ƙarar ya tafi cin abinci.

Fim ɗin Yaya labarin wata mata ce da ɗanta ya ɓace a tashar mota. Tana ta nema, sai wani attajiri mai motocin haya ya shigo labarin yana taimakonta, ba a faɗi inda ya san ta ba, ba a faɗi abin da ya sa ba. Tana da ƙane da ya fita zai kai rahoto wurin 'yan sanda, daga nan ba a sake ganinsa ba har aka tashi. A ƙarshe kawai sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta buɗe, ga yaron a tsaye. Wa ya kawo shi, ina ya zauna duk tsawon lokacin, babu bayani. Malamarmu ta adabi ta koya mana jigo da warwararsa da zubi da tsari, kuma ko ni da nake ɗaliba na san wannan labarin bai haɗu ba. Amma Anti, wasan Yaya a ciki ban taɓa ganin irinsa ba. Ina kallonta na manta cewa ita ce mai yi mini faɗa idan na taɓa mata turare.

Matsalar ita ce, yawancin abin da ta yi ba da baki ta yi shi ba. Fim ɗin cike yake da wuraren da babu magana, sai kiɗa a hankali. Akwai inda take ninke kayan yaron, an daɗe ana nuna ta, har Baba ya tambaye ni ko talabijin ɗin ce ta tsaya. Na ce a'a, tana ninke kaya ne. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Sai na ji zoben ya fara bugawa. Tun daga nan yake tambaya, attajirin nan me ya haɗa shi da ita, ƙanen nan ina ya shiga, ni kuma ina cewa ba a nuna ba tukuna. Ina ganin fuskarsa tana sauka. Mutumin da ya kwana biyu yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa zai ga fim ɗin 'yarsa.

Sai aka zo wani wuri da attajirin ke zaune shi kaɗai a mota, yana kallon waje ta gilashi. Ba abin da yake yi. Baba ya ce me yake yi? Wallahi ban shirya ba, ban san lokacin da bakina ya furta ba. Na ce ya sunkuya ƙarƙashin kujera ya ciro wani ɗan ƙaramin takalmi ƙafa ɗaya, ya daɗe yana dubansa, sannan ya cusa a aljihu.

Baba ya miƙe zaune. Ya ce yauwa, yanzu magana ta fito. Nan take ya haɗa komai da kansa: ashe a motar mutumin yaron ya yi barci aka wuce da shi wani gari, mutumin ya sani amma tsoron hukuma ya hana shi faɗa, duk alherin da yake yi wa matar nauyin laifi ne ke cin sa. Da aka zo ƙarshe yaron ya bayyana a ƙofa, sai ya tambaye ni ko ana hango mota a baya. Na ce e, ga ta can tana shan kwana. Babu mota, Anti. Bango ne kawai da wata bishiya. Har ƙanen da ya ɓace Baba ya yafe wa marubucin, wai ba a rasa ɗan kuskure a aikin ɗan Adam. Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Na ɗauka abin zai tsaya nan. Sai ga shi duk baƙon da ya zo sai Baba ya ba shi labarin takalmin. Akwai mai askin da ke zuwa gida yana yi masa gyaran fuska, mutum ne mai son fim sosai. Ya ce shi fa sau biyu ya kalla bai ga wani takalmi ba. Baba ya yi masa dariya, ya ce ai dama ku masu ido rabin kallonku a kan waya yake, ka koma ka kalla da kyau, ka daina aske mini kunne da musu. Sannan ya faɗi abin da har yanzu yake sukata. Ya ce Autarsa ba ta taɓa ƙara masa ko wasali ɗaya ba, shi ya koya mata, tafinta ba ya ƙari ba ya ragi. Ina tsaye bayan labule da kwanon ruwan ɗumi a hannuna. Na rasa yadda zan shiga.

Ita ma Yaya abin ya shafe ta ba ta sani ba. Jaridu da masu sharhi duk bakinsu ɗaya, wai wasanta ya yi kyau amma labarin babu kai babu gindi. 'Yan ajinmu ma haka suke ce mini, wai Yayarki ta iya kuka amma mu ba mu gane inda aka dosa ba. Sai Baba ya kira ta a waya ya ce ta rabu da su, labari ya zauna daram, duk wanda bai gane ba shi ne bai nutsu ba. Bai ambaci takalmin ba, wai yana ajiye wannan sai ya ga marubucin ido da ido, haka ya faɗa yana dariya. Yaya ta yi kuka a wayar don daɗi. Ita da kanta ta taɓa gaya mini cewa da safe ake miƙo musu shafin da za a ɗauka a ranar, wani lokaci tawadar ma ba ta bushe ba, kuma idan ta tambayi dalilin da matar za ta yi kaza sai darakta ya ce ke dai ki ba mu hawaye, sauran namu ne. Ta san inda fim ɗin ya yi rauni. Amma ta san Baba ba ya yabon abu don kunya, shi ya sa maganarsa ta shige ta har ta fara cewa wataƙila ita ce ba ta gani ba.

Yanzu ga inda aka kai. Ƙarshen makon nan Yaya za ta zo gidanmu da daraktan ya gaida Baba kafin bikin, kuma shi ne ya rubuta labarin. Baba ya sa Umma ta goge masa rigarsa mai kyau. Jiya na ji shi yana gwada abin da zai faɗa, wai zai ce masa ɗana, wurin takalmin nan ka nuna ka san aikinka.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wurin ninke kayan nan, ba rashin abin faɗa ne ya sa na ce shi ke nan ba. Na gane hannun. Ranar da likita ya ce ganin Baba ba zai dawo ba, Umma ta shiga ɗaki ta fito da kayan aikinsa tana ninkewa. Ta ɓalla maɓallan riga tun daga sama har ƙasa, ta ɓalle, ta sake ɓallawa, tana shafa wuyan rigar da bayan hannu, ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ni da Yaya muna bakin ƙofa. Abin da Yaya ta yi a fim ɗin ke nan, babu bambanci, har yadda Umma ke ɗan cije leɓenta na ƙasa. Baba bai san an yi wannan ranar ba. Ta yaya zan kwatanta masa? Na ga ƙirƙiro takalmi ya fi mini sauƙi.

Na yi tunanin in kira Yaya in roƙe ta ta ce wa daraktan idan Baba ya yi maganar takalmi ya amsa kawai. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar in kulle kaina a ɗaki. Na yi tunanin in faɗa wa Baba gaskiya, amma idan ya daina yarda da ni, da idon wa zai gani? Kuma ina jin kunyar wani tunani da ke zuwa mini: kullum ina yi wa Yaya addu'ar ta ci, amma zuciyata tana tambayata ko daidai ne a ɗaga fim ɗin da sai da na yi masa ƙarya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ko hassada ce ta shige ni ban sani ba? Anti, me zan yi?

Taki,
Autar Tafinta

*

'Yata,

Share hawayenki, ba hassada ke damunki ba. Mai hassada ba ta ƙirƙiro takalmi don a yabi 'yar'uwarta. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da kika yi ƙarya ce, kuma ta yi nauyi saboda wanda aka yi wa. Mai ido idan aka ba shi labari zai iya komawa ya duba. Babanki ba shi da inda zai koma sai ke. Ya kuma kafa mutuncinsa a kan maganarki a gaban mai aski. Kada ki bari ya sake kafa shi a gaban baƙo.

Batun a haɗa baki da darakta, cire shi daga ranki. Yanzu yarinya ɗaya ce ta yi kuskure don tausayi. Idan kika sa Yayarki da baƙonta a ciki, ya zama mutum uku masu ido sun zauna suna wasa da wanda ba ya gani a cikin falonsa. Ranar da ya gano, kuma zai gano, wannan ne ba zai iya mantawa ba. Kulle kanki a ɗaki kuma barinsa ne ya faɗa ramin shi kaɗai.

Ki same shi yau, ku biyu. Kada ki fara da dogon bayani. Ki ce Baba, babu takalmi a fim ɗin, babu mota, ni na ƙara. Dalili ya biyo baya idan ya tambaya, kuma kin san zai tambaya. Ba zan yi miki alƙawarin zai yi dariya ya shafa kanki ba. Wataƙila ya ɗau lokaci bai ce a sa fim ba. Ki jure, ki ci gaba da karanta masa jaridarsa da takardar maganinsa kamar kullum. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kotu ya san bambancin wanda aka kama da wanda ya kawo kansa. Ki ce masa a shirye kike ki ba mai askin haƙuri da bakinki, sannan ki bar masa zaɓi. Bayan haka ki kira Yayarki ki gaya mata, domin yabon da ta riƙe a kan takalminki aka gina shi. Za ta ji zafi, amma gara ta koma ga abin da ta sani tun farko da ta shiga gaba tana shakkar idonta.

Yanzu tambayarki ta biyu. Ina jin na gane fim ɗin, kuma na kalla. Masu sharhi sun yi gaskiya, ke ma kin yi gaskiya. Duk shekara idan lokacin kyaututtuka ya gabato sai mu ga irinsa: an samo 'yar wasa mai ƙarfi, an ba ta dogon shiru da kiɗa mai taushi, an bar labari a baya yana jan ƙafa. Masu shiryawa sun san fuska ce ke zama a ran alƙalan gasa bayan an gama kallo. Wannan ba laifin Yayarki ba ne. Kyautar da take nema ta wasa ce, ba ta rubutu ba, kuma wadda aka miƙa wa shafi da safe ta fitar da mace mai rai daga cikinsa ta yi aikin mutum biyu. Idan ta ci, halalinta ta ci. Ki yi mata addu'a da zuciya ɗaya.

Sai dai kada wannan ya sa a raina tambayoyin Babanki. Shi ne mai kallon da kyakkyawar fuska ba ta iya rufe wa baki, shi ya sa ya ji ramukan da sauranmu muka tsallake muna share hawaye. Kuma raunin labari 'yar wasa yake cuta a ƙarshe. Mutane suna ba juna labari ne, ba sa iya ba juna fuska. Fim ɗin da ba a iya ba da labarinsa a bakin ƙofa ko a wurin aiki, da wuri ake mantawa da shi, wahalar da ta sha ta tafi tare da shi. Idan daraktan mai hankali ne, zama ɗaya da Babanki yana tambayarsa dalili cikin mutunci zai fi masa amfani da yabon da bai yi aikinsa ba. Yayarki kuma, yanzu da sunanta ya fito, tana da bakin da za ta ce a ba ta labari cikakke ta karanta kafin ta amsa aiki.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki ba takalmin ba ne. Kin ba Babanki abin da babu, kin hana shi abin da ke akwai. Har yau bai ga wasan 'yarsa ba, alhali shi ne kaɗai abin da ake taƙama da shi a fim ɗin. Idan ƙura ta lafa, ki roƙe shi ku sake kallo. Wannan karon ki riƙa tsayar da fim ɗin, ki gaya masa abin da yatsunta ke yi, inda idonta ya tsaya, lokacin da ta haɗiye magana. Idan kina tsoron bakinki zai sarƙe, ki zauna ki tsara shi tukuna. Wadda ta kwatanta mini maɓallan rigar nan har na ajiye takarda za ta iya. Amma asalin ninke kayan ba naki ba ne, na Ummanku ne. Ki tambaye ta. Idan ta ce a faɗa masa, wataƙila ta fi so ta faɗa da kanta. Idan ta ce a bari, ki kwatanta hannun kawai, ba ki yi ƙarya ba.

Ƙarin labarin da ke zuwa miki a kai kuwa, kada ki kashe shi. Ki nema masa takardarsa daban, ki rubuta naki labarin, kowa ya san naki ne. A kunnen Babanki ne kawai ba shi da wuri.

Ki tashi ki je tun kafin baƙo ya yi sallama. Ko Yayarki ta ci ko ba ta ci ba, ki tabbata ranar bikin mahaifinku ya san ainihin abin da ake tafa wa 'yarsa. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba Yayarki sa'a, ke kuma ya sassauta miki harshe a gabansa.

Antinki